Tsamiyar Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗa ba, don jikokinsu na nan kuma suna da baki. Sunansa Nomau. Ga-ruwa ne, jakinsa ɗaya, matarsa ɗaya, Tabawa.

A bayan garin akwai filin da samari ke kokawa, 'yan mata ke gaɗa. Fili fetal, ko akuya ba ta da wurin laɓewa. Wata shekara dattawa suka zauna suka ce a gyara shi. Kowane gida ya kawo damin gero duk kaka har shekara bakwai, a haƙa rijiya, a yi shinge, a dasa itatuwa. Aka shafa fatiha.

To ku saurara. Shekarar farko kowa ya kawo. Ta biyu, rabi. Ta uku dagaci ya ce baƙi za su zo kallon kokawa, sai aka daka geron aka yi fura, aka kafa rumfar zana. Rumfa ta yi damina ɗaya gara ta cinye. Rijiya kuwa ta tsaya iya gwiwa.

Nomau dai bai ji an ce an fasa ba. Ya dasa tsamiya goma sha biyu, ya kewaye kowace da ƙaya. Kullum la'asar, tulun ƙarshe ba ya sayarwa, su yake juye wa. Tabawa ta yi mita har ta gaji. Shi dai amsarsa ɗaya, ai an shafa fatiha.

Shekara tara yana yi. Jaki ya mutu, gwiwa ta fara ƙi, tsamiya ta yi kai ta fara fure. A lokacin mutanen gari suka gan ta. Kun san al'ada, wanda ya dasa itace shi ke da 'ya'yansa. Sai magana ta tashi a bakin kasuwa, wai ga-ruwan nan wayo gare shi, da tulu yake son cinye filin jama'a. Waɗanda suka fi shan furar nan su suka fi ɗaga murya. Dagaci ya kira shi, ya ce gobe a sare su kowa ya huta.

Ba zan ɓoye muku ba, Nomau ya taɓa sa rai tsamiyar nan za ta ɗan riƙe su in tsufa ya kayar da shi. Ya roƙa a kira liman, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, kada a sare. Na ba gari su sadaka. Ni da gidana ba za mu tsinki ko ɗaya ba."

Dagaci ya ce da ma haka ya kamata. Godiyar ke nan, kun ji ta duka.

Tsamiya ta yi 'ya'ya, matan gidan dagaci suka sa gora suka kaɗe, suka kai kasuwa. Azumi ya zo, Nomau na kwance, ya ce kunun tsamiya yake marmari. Tabawa ta je ta saya a farantinsu, mai tallar har tana ce mata, "Zaɓi da kyau, Iya, ta filin dagaci ce."

Da ya kurɓa ya tambaye ta tsamiyar ta ina ce. Tabawa ta faɗa masa duka, ba ta rage komai ba. Ya sake kurɓa ya ce, "Alhamdu lillahi, ta kama."

Bai ga sallah ba.

To, ladansa na wurin Allah, ba ruwanku da shi. Naku nake faɗa. Aikin jama'a mai nisa, taro ba ya tsayar da shi, sai mai zuwa kullum ba da kiɗa ba. Ku kuwa in irinsa ya fito, ku ke fara cewa me yake nema. Shukokin da aka dasa bara a filin wasan 'ya'yanku, kun yi kwamiti, kun ɗinka anko, kun ci shinkafa. Wa ya zuba musu ko moɗa ɗaya?

Ke Laraba, daina gyaɗa kai. Awakinki na gani a kansu jiya. Tashi ki ɗaure su.