Ranar da Aka Yaye Tsohon Zubi a Rumbun Barau

An yi wani mutum a Funtuwa, Malam Barau, gwanin harshen kwamfuta. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma na binne masu digiri da dama, kuma wannan labari babu wanda ya fi ni riƙe shi.

Barau ne ya kafa wani rumbun manhaja, wato kayan aiki da aka rubuta aka ajiye kyauta, kowane mai haɗa manhaja ya ɗiba. To, harshen kwamfuta ba ya zama wuri ɗaya. Sabon zubi na harshen ya fito, wani ya biyo, rumbu kuwa yana nan yana hidimar tsoho da sabo. Duk gyara sai an yi shi sau biyu, mai yin kuwa mace ɗaya ce, Laraba. Da ta gaji, sai ta ce ko a saki tsohon zubi, ko ita ta saki rumbun.

Aka tara masu amfani da rumbun gaban shugabansu, Injiniya Gambo, wanda Barau ya koya wa aiki tun bai san inda ake kunna kwamfuta ba.

Barau ya ce, "Gambo, da tsohuwar zuma ake magani. Akwai ƙananan asibitoci a ƙauye, kwamfutocinsu ba sa ɗaukar sabo. Ku yar da su don ba su da bakin magana?"

Wuri ya ɗauki "Gaskiya ne, Malam!" Wani ma har da cewa, "Laraba, raki dai!"

Laraba ta ce, "Raki? Zo ka karɓa, ɗan'uwa, ga shi nan."

Gambo ya ce, "Duk mai son a riƙe tsohon zubi, ya miƙe."

Kusan kowa ya miƙe. Barau ya waiga, zuciyarsa fari ƙal.

Gambo ya ce, "Madalla. An riƙe shi. Daga yau na sauke wa Laraba, na ɗora muku. Ku za ku gwada shi, ku za ku toshe ɓarakarsa. Wanda ba zai iya ba, ya zauna, babu laifi."

Sai ka ji kujeru suna ƙara. Wannan ya tuna aiki ya yi masa yawa, wancan ya ce shi dama tuni ya koma sabo. Barau kaɗai ya rage a tsaye, ido duk ya yi yana, rabonsa da ganin ƙananan rubutu an jima.

Gambo ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, abin da mutum ɗaya ya rage yana tsaye dominsa, lokacinsa ya yi. Za mu fitar da rumbu na ƙarshe mai tafiya da tsohon zubi mu ajiye, mai tsohuwar kwamfuta ya ci gaba da ɗiba. Za mu gyara shi har kaka, mu sanar da asibitoci. Bayan nan babu."

Barau ya nemi takalmansa ya fita. Waɗanda suka zauna ɗin nan su suka bi shi har ƙofar gida, suna cewa Gambo butulu ne. Shi kuwa bai sake taka taron ba.

Shi ya sa nake gaya wa yara: kada ka ƙirga masoyan abu da yawan masu kuka a kansa. Miƙa musu gammo, ka ga wanda zai sa kai.