Tunau da Jirgin da Aka Sassaƙa Don Ya Nutse

"Ga ta nan, ga ta nanku, ta fito daga kogi jiƙe sharkaf."

"Ta zo mu ji ta, mu shanya ta."

To, ku matso. Mai cin gyaɗa ya rage ƙara.

A wani gari na bakin kogi an yi wani masassaƙi, sunansa Tunau. Kwalekwale yake sassaƙawa, kuma nasa bai taɓa nutsewa ba. Matarsa Gwamma ta rasu, ba su haihu ba. Aka binne ta a bayan ɗaki, gindin tsamiya. Kullum safiya sai ya tsaya nan ya ce, "Gwamma, an tashi lafiya?" Sannan ya ɗauki gizago ya kama aiki.

Wata damina kogi ya yi ambaliya, ya haɗiye garin, bai kuma janye ba. Kowa ya ɗauki abin da zai iya, wani hatsi, wani akuya. Tunau dutsen niƙan Gwamma ya ɗauka. Mutane suka ce, "Ku ga mai hankali, dutse zai ci." Suka yi ƙaura can tudu mai nisa. Shi kuwa ya kafa bukka a bakin ruwa, daga shi sai dutse.

Gari ya waye, ba inda zai tsaya ya yi gaisuwa. Kaɗaici ya ishe shi, yara, irin wanda mutum zai dafa abinci ya rasa dalilin ci. Ya ce, "Sau ɗaya dai, sai na koma na yi mata sallama."

Ya kifa randa a ka, ya shiga ruwa. Taku uku numfashi ya ƙare, ya fito yana tari. Dorina ta ɗago kai ta dube shi.

"Malam Tunau, wanka da hula?"

"Ƙasa nake son zuwa. Ke yaya kike yi?"

"Ni? In rufe hanci, in rufe kunne, in rufe baki. Ka rufe ƙofofinka."

Tunau ya sassaƙa kwalekwale biyu, ya kifa ɗaya a kan ɗaya. Ya lulluɓe su da fatar sa, ya shafe da man kaɗe, ya toshe kowace kafa da kakin zuma. Ya bar 'yar ƙofa a sama, da 'yar taga ta tantani don ya riƙa gani. Ya shiga, ya rufe. Ruwa bai shigo ba. Iska ma ba ta shigo ba. Ya fito yana haki, gumi sharɓe-sharɓe.

Kunkuru na kan wani gungumen icce a bakin ruwa yana shan hantsi.

"Malam Tunau, gasa kanka kake yi?"

"Numfashi nake nema. Kai yaya kake yi?"

"Jikina a ruwa, hancina a waje. Ka yi wa jirginka hanci."

Tunau ya haɗa gora mai rami, tsayi a kan tsayi, ya soka ta a saman jirgi. Ya shiga, ya rufe. Iska ta samu. Amma jirgi ya ƙi nutsewa, yana ta yawo a kan ruwa kamar tsohuwar ƙwarya. Masunta suka zo wucewa, suka yi dariya har da riƙe ciki. "Wanda jirginsa bai taɓa nutsewa ba, yau shi ke roƙon jirgi ya nutse." Ba wanda ya tsaya ya tambaye shi dalili.

Sai ga Kada, ido biyu kawai a saman ruwa.

"Malam Tunau, sannu da fama. Abu mai sauƙi. Ni duwatsu nake haɗiya. Ka ɗaura nauyi."

"To tasowa fa?"

"Tasowa? Kai dai ka isa tukuna."

Kun dai san Kada. Bai taɓa ba da shawara ba sai da yunwa a cikinsa.

Tunau ya duba gabas, yashi. Ya duba yamma, yashi. Dutse ɗaya ne a duk bakin kogin, dutsen niƙan Gwamma. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaure shi a ƙarƙashin jirgi, ya ratso da igiyar ta wata 'yar kafa, ya ƙulle ta a ciki, ya toshe da kaki.

Jirgi ya yi ƙasa. Ya yi ƙasa. Ya yi ƙasa. Ruwa ya koma kore, ya koma duhu-duhu. Ashe gorar ba ta kai ba, saura kamu ɗaya. Ruwa ya fara ɗigowa ta cikinta, Tunau ya toshe ta da tsumma. Iskar da ke ciki ita ke nan.

Ya leƙa ta taga. Ga ɗakinsa, rufi ya tafi, kifaye na shiga suna fita. Ga tsamiya, ba ganye ko ɗaya.

Ya ce, "Gwamma, an tashi lafiya?"

Shiru. Amma wannan shirun ya san shi. Shi ne wanda yake ji kowace safiya a da. Ya zauna cikinsa, ransa ya yi sanyi.

Numfashi ya fara gajarta. Sai ga Kada ya zo ya kwanta a kan jirgi, ya yi hamma. "Zauna abinka, Malam. Ni ba na sauri."

Sai aka ƙwanƙwasa taga. Kunkuru ne.

"Me ya kawo ka ƙasa?"

"Dutse."

"To sake shi."

"Shi kaɗai ya rage mini."

"Na wane ne?"

"Na Gwamma."

"Ga ta nan kuwa. Kai ka ɗauke mata."

Tunau ya kai hannu ga igiya, ya janye. Ya sake kai hannu, ya janye. A karo na uku ya ce, "Gwamma, ga kayanki. Sai wata rana." Ya kwance ƙulli.

Dutse ya sauka a gindin tsamiya, ya zauna daram. Jirgi ya yi sama fiit, ya yi jifa da Kada cikin ƙaya. Har yau in kun duba bayansa za ku ga shaida.

Tunau ya koma bukka. Inda dutse yake a da, sai gurbi a ƙasa. Ya zauna ya yi kuka, na farko tun ranar da ruwa ya zo. Da safe ya tuƙa ƙaramin kwalekwale zuwa saitin tsamiya, ya yi gaisuwarsa, ya dawo ya ci abinci.

An ce fatake sun ga jirgin a bakin ruwa, suka tafi da dabarar ƙasashe masu nisa. Daga icce aka koma ƙarfe. Amma har yau duk jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa, nauyi yake ɗauka ya nutse, kuma ba ya tasowa sai ya saki nauyin nan. Mutum ma haka yake, ko da nauyin abin da ya fi so ne.

Ƙurunƙus kan ɗan kada. Ba don Kunkuru ya shaida ba, da kun ce ƙarya na shara muku.