Rawar Fakara a Dandalin Kokawa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

A al'adar fakara, namiji ba ya samun mata sai ya yi rawa a fili tana kallo. To, akwai wani saurayin Fakara, da ya buɗe fiffike a dandalin daji sai Gadu da Biri su faɗo da kokawarsu.

Ya kai ƙara wurin Giwa. Gadu ya ce, "Ranki ya daɗe, dandalin na kowa ne."

Giwa ta ce, "Ku bar wa mai neman aure."

Da ƙafa ta ɗauke, ciyawa ta rufe wurin. Fakara ya yi kwana bakwai yana rawa a ciki, sannan ya tambayi budurwarsa, "Yaya kika gani?"

Ta ce, "Na ga ciyawa tana motsi. Na ɗauka gafiya ce."

Ya ruga wurin Gadu. "Yayana, ku dawo ku tattake mini, amma da yamma. Safiya tawa ce."

Suka tattake wurin tas. Washegari ta ga rawar, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba ka iya ba, amma turo magabatanka."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu.