Ustaz Hilmi da Shafin Layin Fitilu

Yayana Ustaz Hilmi mutumin kirki ne, kowa a Layin Fitilu zai shaida haka. Ya koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare har ya yi ritaya, bai taɓa ɗaga wa ɗalibi hannu ba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya zaɓe. In aka aike shi sayen kankana, sai ya ƙwanƙwasa duk wadda ke kan amalanken, ya kara kunne, ya ajiye, har mai kankanar ya roƙe shi ya ɗauki ɗaya ya ba mutane wuri. Matarsa Inayat takan ce ita kaɗai ce abin da ya taɓa samu ba tare da dogon nazari ba, shi ma don mahaifiyarmu ce ta zaɓa masa.

A layin nan aka haife mu, ni da shi, a tsohon ɓangaren Alkahira. Shi yana hawa na biyu, ni ina samansa tun da mijina ya rasu. Layin ƙunci gare shi, in na shanya kaya a baranda maƙwabciyata ta ɗaya gefen tana iya gaya mini ban wanke wuyan riga da kyau ba.

Wata safiya muka tashi muka ga an shafa jan fenti a bangon gidajenmu. Gadar sama za ta bi ta kan layin. Aka ce za a ba kowa muhalli a sababbin unguwannin bayan gari, kuma muna da kamar shekara guda mu tattara. Mata suka yi kuka, maza suka yi ta muhawara a gidan shayi. Yaya Hilmi ne kaɗai ya zo da abin da ya sanyaya zukata. Ya miƙe a tsakiyar mutane ya ce zai buɗe shafi a intanet, ya rubuta tarihin layin gida-gida, da hotuna, da labaran tsofaffi daga bakinsu, don jikokinmu su san daga inda suka fito.

Aka tafa masa. Wanda ya fi kowa murna shi ne Am Girgis mai guga, wato Baba Girgis a bakin mutanenmu, abokin wasan dominonsa. Dattijo ne siriri, ya haura tamanin, kuma babu rigar ango ko ta salla a layin da ba ta bi ta ƙarƙashin dutsen gugarsa ba.

Ya ce, "Ustaz, da ni za ka fara. Akwai abubuwan da na riƙe a ciki tun kana yawo ba wando. Har labarin ranar da ubanka ya zo neman auren uwarka da rigar aro."

Yaya ya yi dariya ya ce, "Kwantar da hankalinka, Am Girgis. Bari in zaɓi dandalin da zan ɗora shafin, sai in zo da shayi mu zauna."

Ita ma Hajja Sakina, tsohuwar unguwarzoman layin, wadda ta karɓi haihuwar rabinmu, ta aiko a gaya masa ƙofarta a buɗe take.

Dandalin buɗe shafi na kyauta iri-iri ne, kuma wanda bai taɓa yi ba ma yana iya farawa kafin shayinsa ya huce. Abin da ya halaka Yaya ke nan. Da guda ɗaya ne, da tuni ya fara.

Na sauko wata rana da kwanon miyar lalo na same shi gaban kwamfuta, tabarau a ƙarshen hanci.

Na ce, "Yaya, an buɗe?"

Ya ce, "Zauna ki gani, Afaf. Wannan mai sauƙi ne, ko ke za ki iya."

"Na gode."

"Amma dubi fuskarsa, kamar takardar asibiti. Wannan kuwa kyakkyawa ne, sai dai suna liƙa talla a ƙasan rubutu. Ki duba, ina ba da labarin mahaifinmu, a ƙasa ana tallan maganin sanƙo. Wannan na uku yana aika wa masu karatu rubutun kai tsaye, amma wurin ajiye hotuna kaɗan ne. Na huɗun kuma ban gamsu da yadda yake jera Larabci daga dama ba."

Na ce, "To ka ɗauki mai sauƙin mana."

Ya dube ni kamar na ce ya sayar da ƙodarsa. "In kuma suka rufe nan gaba fa?"

"Sai ka kwashe ka koma wani. Ai mu ma ga shi za a kwashe mu."

Bai ji daɗin wannan magana ba. Ya ce aikin tarihi ba a yi masa gaggawa.

Haka aka shiga sanyi. Yaya ya buɗe shafin gwaji a kowane dandali, a kowanne kuma abin da ya rubuta bai wuce kalmar "gwaji" ba. Ya canza launi, ya canza girman haruffa, ya karanta ra'ayoyin mutanen da bai sani ba daga ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Duk ranar da ya kusa yanke shawara, sai wani a gidan shayi ya ce ɗansa ya ce akwai wani sabo da ya fi, sai Yaya ya koma farko.

Na roƙe shi. Na ce, "Ka bar zancen dandali. Ga waya a aljihunka. Ka ɗauki hotunan ƙofofi, ka naɗi muryar tsofaffin nan, in ka zaɓa sai ka ɗora."

Ya ce girman hoton da zai ɗauka ya danganta da dandalin da zai zaɓa, kuma ba ya son aiki biyu.

Am Girgis kuwa bai daina tuni ba. Duk lokacin da Yaya ya wuce shagonsa sai ya ɗaga murya, "Ustaz! An samo gidan da za a saka ni, ko har yanzu ana duba unguwa?"

"Saura kaɗan, Am Girgis."

"To ka hanzarta. Ni ba kamar intanet ɗinka ba ne, ba kullum nake nan ba."

Sai su yi dariya, su zauna su buga domino, Yaya ya sha kashi kamar kullum saboda kafin ya ajiye ƙwaya ɗaya abokin wasansa ya gama karanta hannunsa.

Bayan azumi mutane suka fara tashi. Yau ka ga mota ta loda katifu da tukwane, gobe ka ga an cire tagogin wani gida. Ɗan Hajja Sakina ya zo ya ɗauke ta zuwa can bayan gari. Kafin ta shiga mota ta ɗago kai ta kalli barandar Yaya ta ce, "Hilmi, na jira ka." Ya ce zai biyo ta har can, in Allah ya yarda, da zarar ya kammala.

Ran nan da hantsi ya hauro wurina yana haki, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce ya rage zaɓin dandalin zuwa biyu, kuma zuciyarsa ta karkata ga ɗaya. Muna cikin magana sai muka ji kuka daga ƙasa. Na leƙa baranda. Mutane sun taru a ƙofar shagon guga. Am Girgis ya zauna a kujerarsa ya huta bayan ya gama wata riga, bai sake tashi ba.

Duk layin, Musulmi da Kirista, muka raka shi coci. Yaya na daga cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. Da muka dawo bai ci abinci ba, bai kunna kwamfuta ba. Inayat ta ce ya zauna a bakin gado yana ta maimaita cewa, "Ko labarin rigar aron ban ji ba."

Washegari ya ce in raka shi wurin Hajja Sakina. Muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka muka hau ƙaramar bas, muka yi ta tafiya har gine-gine suka zama iri ɗaya. Mun same ta a hawa na biyar, tana zaune kusa da taga tana kallon fili. Ta gane mu, ta yi murna, ta sa aka kawo shayi. Yaya ya ajiye waya a gabanta, ya ce, "Hajja, ki fara daga gidan farko na bakin layi. Su wa suka zauna a ciki?"

Ta yi ƙoƙarin tunawa. Ta ambaci suna ɗaya, ta ce a'a, ba shi ba ne. Ta sake gwadawa, ta haɗa 'ya'yan wani gida da na wani. Can sai ta girgiza kai.

Ta ce, "Ɗana, a can in na zauna a tagata, ƙofofin ne ke gaya mini. In na kalli koriyar ƙofa sai in tuna wa na karɓa a ciki, da wa ya mutu, da wa ya gudu. Nan me zan kalla? Da ka zo lokacin da na kira ka, da sai ka gaji da rubutu."

Ba ta faɗa da faɗa ba. Har ta shafa kansa kamar yaro. Wannan ya fi yi masa ciwo.

A bas ɗin dawowa, muna matse tsakanin wata mata mai buhun albasa da wani soja mai barci, Yaya ya ciro waya ya miƙo mini.

Ya ce, "Buɗe mini."

"Wanne?"

"Duk wanda yatsanki ya fara taɓawa."

Na taɓa mai sauƙin nan. Kafin mu sauka, shafin Layin Fitilu ya buɗu. A ranar ya zagaya abin da ya rage na layin yana ɗaukar hoto, ba ya tambayar girma ko ƙanƙanta. Kusan rabin gidajen babu ƙofa babu taga, ɓangaren masallaci ma katafila ta riga ta fara ci. Ya ɗauki abin da ya samu.

Rubutunsa na farko bai yi kyau ba, shi da kansa ya faɗa. Amma mutanen layin da suka watse suka gan shi, wannan ya tura wa wancan. Aka fara aiko masa da tsofaffin hotunan biki da na suna, ana gyara masa kurakurai, ana faɗa a ƙasan rubutun kan wace shekara aka kawo famfo. Babu mutum ɗaya da ya taɓa tambayarsa a wane dandali shafin yake. Yanzu mu ma mun koma bayan gari, kuma kowane mako Yaya yana hawa bas ya nemi wani tsohon maƙwabci ya zauna da shi. Ya ceto abubuwa da yawa. Abin da ya tafi kuma ya tafi.

Da ya zo rubuta labarin Am Girgis, sai ya tarar babu wanda ke da hotonsa. Mutumin da ya yi wa kowa ado domin hoto, shi ba a taɓa tsayar da shi an ɗauka ba. Yaya ya yi ta cigiya. A ƙarshe wata mata ta aiko da hoton bikin ƙanenta da aka ɗauka a bakin layi. A can gefe, bayan kafaɗar ango, ana ganin ƙofar shago da hannu ɗaya siriri riƙe da dutsen guga. Fuskar ba ta shiga ba. Yaya ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗora shi a shafin, ya rubuta a ƙasa: "Wannan hannun Am Girgis ne. Ya kira ni, ban zo ba."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada neman abin da ya fi kyau ya hana mutum fara abin da ya kamata. Kayan aiki ana iya canza su ko yaushe, wanda ya fara da mai sauƙi yana iya komawa wani gobe. Amma mutanen da ake yin aikin dominsu, da lokacin da Allah ya ba mu tare da su, ba sa jiran mu gama zaɓe. In kana da abin da za ka rubuta, ko dattijon da za ka saurara, ka ɗauki abin da ke hannunka ka fara yau, ka gyara daga baya.