Ɗan Notin da Bahago Ya Wurgar

Akwai wani bakanike a Ƙofar Kibo da ake kira Bahago, wajajen shekarar 1994. Hannun hagun nan nasa ya iya aiki, wannan ba mai musu. Amma fa zuciya gare shi kamar kuturu, ga girman kan tsiya. In ya ce baƙi fari ne, to ka yi shiru ka zauna lafiya.

Su biyu ne a garejin, shi da Malam Lawal, wani dattijo da ya yi ritaya daga gyaran taraktocin gwamnati.

Ran nan Alhaji Mustapha ya kawo motarsa 'yar Kwatano mai shan gas. Tana da turbo, wato wata 'yar fanka mai cusa wa inji iska ya ƙara ƙarfi, abin da a lokacin baƙo ne a birni. Bututun da ke kai wa turbon baƙin mai ne ke yoyo.

Bahago na kwance bututun sai ga wani ɗan noti na tagulla a bakinsa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, da huda kamar kafar allura.

"Ji shirmen Turawa!" in ji shi. "Ta nan mai zai wuce?" Ya wurgar da shi cikin ƙasa.

Malam Lawal ya duƙa ya tsince shi. "Bahago, mayar da shi. Aikinsa ke nan, ya rage man. In babu shi mai zai yi yawa ya ɓalle cikin inji. Injin gas kuwa in ya fara shan baƙin mai, ko ka zare makulli ba ya mutuwa. Na gani da idona."

Abin da ya ƙona wa Bahago rai, a gaban Alhaji aka faɗa.

"Kai tsoho, ni za ka koya wa aiki?"

"Ba koya maka nake ba, ɗana. Amma ba za a ɗaura shi haka ba." Ya dafa bututun.

Kafin a ankara Bahago ya ɗaga sifana ya sauke masa a goshi. Jini ya wanke wa dattijon fuska har gemu. Tir da wannan zuciya! Alhaji ya yi salati ya kama Malam Lawal suka nufi kemis, shi kuwa gogan ko a jikinsa. Ya ɗaura bututunsa ba noti, ya shiga gwada mota bayan la'asar.

Ya kutsa wani lungu cikin birni ke nan sai inji ya kurma ihu. Farin hayaƙi ya turnuƙe bayansa. Ya ɗaga ƙafa daga totur, mota ta ƙara wuta. Ya zare makulli, a banza. Nan fa ido ya raina fata, duk iyawar ta gudu.

Motar ta kwashe rumfar mai nama, ta daki katangar wani gida. Katangar ta rufto kan Ladi mai fura, ta danne mata ƙafa.

Jama'a suka fizgo Bahago ta taga. Mai itace na yi, mai dutse na yi, ana ta "A kashe shi!" Ya ɗaga hannun hagu ya kare kansa, wani ƙato ya sauke masa taɓarya. Da kunnensa ya ji ƙashin ya ce ƙas. Ga injin can, giya ta fice amma yana ta kururuwa kamar zai tarwatse da mutane. Bahago ya saddaƙar yau kwanansa ya ƙare.

Hayaƙin ne ya janyo Malam Lawal, ya diro daga acaɓa da bandeji a ka. Ya ɓalle bonet, ya fizge robar da ke kai wa turbon iska, ya tuɓe babbar rigarsa ya dunƙule ya toshe bakin turbon. Injin ya shaƙe, ya yi tari, ya mutu.

Sai dattijon ya ratsa taron ya kwanta a kan Bahago. Sanda ɗaya ta same shi a gadon baya, bai motsa ba.

"Duk mai son kashe shi ya fara da ni!" ya ce. "Kun ga goshin nan? Shi ya fasa shi ɗazu, ban rama ba. Ku ji tsoron Allah, ga baiwar Allah can ƙarƙashin katanga!"

Jikin kowa ya yi sanyi. Aka zubar da sanduna aka koma tono Ladi.

Ladi ta rayu, amma da ɗingishi. Shi ma Bahago an yi masa ɗori, sai dai yatsun sun ƙi damƙa.

Bayan wata biyu aka samo wa motar Alhaji wani turbon, don na farkon ya lalace. Malam Lawal ya zaro ɗan notin nan daga aljihu ya miƙa wa Bahago. "Zo ka mayar da shi."

Bahago ya karɓa da hagu, ya suɓuce. Ya sake ɗauka, ya sake faɗuwa. Hannun da ya ɗaga sifana a kan tsoho, yau ya kasa riƙe abin da bai fi gyaɗa ba. Malam Lawal ya kama yatsunsa cikin nasa, suka murɗa notin tare har ya zauna.

Bahago ya fashe da kuka. "Baba, ka yafe mini."

"Ni na yafe tun ranar," in ji dattijon. "Tashi mu je gidan Ladi. Ita ce ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba."

Darasi: Kada ka raina ƙaramin abu don ba ka san aikinsa ba, kada kuma ka ɗaga hannu a kan wanda ya gaya maka gaskiya, don wata rana a bayansa za ka ɓuya. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ku tura wa duk wani mai saurin hannu da kuka sani, tun kafin ya yi da-na-sani.