Takardar da Kailu Ya Jira Shekara Shida

Akwai wani injiniya mai suna Kailu, ɗan Filingue, da ke aiki a wani kamfanin waya a Yamai. Aikinsa zana wani ɗan faifai ne mai layukan tagulla, bai fi tafin hannu ba. Faifan ne ke karɓar ƙarfin saƙo a kan hasumiya ya raba shi biyu daidai, kowace eriya ta samu rabonta. In faɗin layi ɗaya ya kauce ko da kaurin gashi ne, gari guda sai ya rasa reso, wato sabis ɗin waya.

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, 2010, aka gwada jininsa aka ce yana ɗauke da ƙwayar cutar sida, wato ƙanjamau. Matarsa Salamatu kaɗai ya gaya wa. Ya fara shan magani.

Ba a jima ba aka ba shi aikin hasumiyar da za ta raba reso tsakanin Filingue da Damana. Faifan farko ya ƙone da zafin rana. Na biyu ya ba Filingue ƙarfi, ya bar Damana shiru. Kowane gyara sai ya hau hasumiyar da kansa. Wata rana ƙafarsa ta zame, igiya ta riƙe shi. Da ya sauko, ya tuna 'ya'yansa mata uku, ya nufi kamfanin inshorar rai.

Ma'aikacin ya karanta takardar likita, ya turo masa ita da bakin biro.

"Malam, ba mu ɗaukar wanda ƙafarsa guda ke kabari."

Kailu ya kwashe takardunsa ya fita.

Abokin aikinsa Sahabi, wanda a da suke haɗuwa a layin karɓar maganin cutar, ya yi masa dariya.

"Kai ma da gaskiyar tsiya! Ni takardar gwajin wani na saya, sun karɓe ni. Har na bar zuwa likita, kada wani ya gane ni."

Kailu ya kawo wa Salamatu maganar.

"Na gaji. Ko in bi hanyar Sahabi?"

"Maigida, ƙarya za ka bar mana gado? Sha maganinka."

Haka ya ci gaba. Ƙwayar magani kullum, gwajin jini duk wata shida, sakamako a cikin jaka. Faifai na huɗu ya yi aiki, Damana ta samu reso. Soja suka koma bariki. Kamfanin inshora na biyu ya ƙi shi, na uku ma ya ƙi.

A shekara ta biyar Sahabi ya kwanta, wata biyu ya rasu. Matarsa ta kai takardu kamfanin inshora. Kamfanin ya bincika, ya gano tsohon dosiyensa, wato takardunsa na likita, ya ce yarjejeniyar ta ƙarya ce. Ko dala ba a ba ta ba. Kailu da ya raka ta ya mayar da ita gida.

Shekara ta zagayo, ya shiga kamfani na huɗu ba da wani sa rai ba. Wata ma'aikaciya, Madam Haske, ta buɗe jakar ta bi sakamakon ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara shida ba fashi? Kuma likita ya rubuta ƙwayar cutar ba ta ganuwa a jininka. Za ka biya fiye da sauran mutane, amma mun karɓe ka."

Ya sa hannu. Bai yi murna ba, gajiya ce ta sauko masa. Ya hau motar Filingue inda iyalinsa suke, ya miƙa wa Salamatu takardar a tsakar gida. Ta karanta sunayen yaran uku, ta ce:

"Zauna in kawo maka fura."

Darasi: Ƙarya na buɗe ƙofa da sauri, amma a kan iyalinka za ta rufe. Mai ɗauke da cutar nan ya riƙe maganinsa da gaskiyarsa, mu kuma mu daina yanke wa mai rai likkafani. Ku tura wa wanda ya fara gajiya.