Usur ɗin Saje a Wuyan Malam Dawuda

Akwai wata dattijuwa a Zuru mai suna Keziah, matar wani saje da ya rasu. Abu biyu ya bar mata: injin niƙa da take ci da shi, da usur ɗinsa na fareti.

A shekarar 2004 ɓarayi suka gano lagon unguwarsu. Ba su zuwa sai ranar Lahadi da hantsi, lokacin da rabin unguwa ke coci. Cikin wata guda suka kwashe gida uku.

Ɗanta Japhet ya taso daga Kaduna a fusace.

"Mama, ko ki bi ni Kaduna, ko ki daina zuwa coci ki zauna gadin injin nan."

"Shekara talatin ina waƙa a zumuntar matan coci," in ji ta. "Babanka ya tafi yaƙin Laberiya ya dawo ban fasa ba. Sai ɓarawo ne zai zaɓa mini ranar sujada?"

"To wa zai tsare miki gida?"

Ta yafa mayafi ta tsallaka titi, ta sami Malam Dawuda mai gyaran rediyo, wanda aka fasa shagonsa wata Juma'a yana masallaci.

"Malam, Lahadi kana gida, Juma'a ina gida. Mi zai hana mu yi musaya?"

Dawuda ya yi dariya. "Maman Japhet, da wane ƙarfin za ki kama ɓarawo?"

"Wa ya ce kamawa? Hurawa za ka yi." Ta miƙa masa usur ɗin.

Da Japhet ya ji, sai ya taɓe baki. "Tsoho mai ciwon gwiwa, kuma ba ɗan cocinmu ba? Ranar da aka ɗauke injin nan kada ki kira ni."

"Ba zan kira ka ba," ta ce. "Gaida Kaduna."

Daga nan kowace Lahadi Dawuda yakan ɗauko bencinsa da tarkacen rediyoyi ya zauna a ƙofarta. Kowace Juma'a ita kuma ta kai kujerarta bakin shagonsa tana tsintar wake. Mutane suka yi ta tsokana. Masu acaɓa in sun wuce sai su sara mata, su ce, "Ranki ya daɗe, kwamanda." Ta ce su yi ta yi.

Wata bakwai babu abin da ya faru.

Wata Lahadi tana gaban coci, ita ke ba da waƙa, sai ta jiyo usur ɗin daga nesa. Gajere biyu, dogo ɗaya. Ko cikin kasuwa ba za ta ɓata wannan sautin ba. In injin ya tafi, tafiyarta Kaduna ta tabbata.

Ta kusa da ita ta raɗa mata, "Ba daga wajen gidanki ba ne?"

"Daga can ne. Saura baiti biyu."

Sai da ta kai ƙarshen waƙar. Sannan ta ɗauki jakarta ta fita, mata na biye da ita.

A ƙofar gidanta ta tarar da akori-kura a tsaye, ƙofofin motar a buɗe. Maƙwabta Musulmi sun cika layin, har da mai nama da wuƙarsa a hannu. Samari biyu na zaune a ƙasa. Dawuda na kan bencinsa, leɓensa a fashe.

"Cewa suka yi ke kika aiko su," in ji shi, "wai a kai injin coci za a yi niƙan biki. Na ce su zauna ki dawo, ga inuwa. Sai dogon ya kai mini hannu."

Keziah ta dubi dogon. "Ni na aiko ka? To ga ni. Mi sunana?"

Ya sunkuyar da kai.

Bayan 'yan sanda sun tafi da su, ta jiƙa tsumma ta miƙa wa Dawuda. Ya ciro usur ɗin zai mayar mata.

"Riƙe shi," ta ce. "Sai Juma'a nake karɓa."

Labari ya kai Kaduna ba ta bakinta ba. Japhet ya zo da sabon kwaɗon ƙofa mai nauyi, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ajiye shi can," in ji ta. "Ka tsallaka ka gaida Malam tukuna. Kuma ka durƙusa."

Ya tsallaka. Ya durƙusa.

Darasi: Kada tsoron ɓarawo ya kore ka daga gidanka ko ya raba ka da ibadarka. Ka san maƙwabcinka, ka tsare masa nasa ranar da ba ya nan, ko da ba hanya ɗaya kuke bi zuwa wurin sujada ba. Tura wa mutanen layinku wannan, musamman wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba.